Kalmar Tsiraici A Bakin Mutanen Holan

Duk wanda ya taɓa ratsa layin 'yan atamfa a kasuwa ya ji sunan Holan, ko da bai san gabas ta ke ko yamma ba. Tun shekarar 1846 a ke buga yadi a wani gari na ƙasar wanda a ke kira Helmond, daga can kuma atamfar nan ta ke fitowa wadda kowace amarya ta ke so a gani a cikin lefenta. Ƙasar 'yar ƙarama ce, tana Turai a bakin teku, Jamus na gabas da ita, Beljiyam na kudu. Harshensu, wanda su da kansu su ke kira Nederlands, mutum wajen miliyan 25 ne suka tashi da shi, a Holan, da arewacin Beljiyam, da wata ƙasa ta Amurka ta Kudu wadda a ke kira Surinam.

To, mutanen nan da suka yi suna wajen tufatar da jama'a suna da kalma biyu ta faɗin rashin tufa. Ɗaya naakt, ɗaya bloot. Ta biyun ita ce abin magana a nan. Gajeruwar kalma ce, amma wanda ya bi ta a hankali sai ta kai shi ɗakin yara, ta kai shi bakin teku, har ta kai shi gaban alƙali. Wanda kuwa ya buɗe ƙamus ya ga an rubuta "tsirara" a gabanta, ya rufe, ya ce ya gama da ita, bai sami ko rubu'in abin da ke cikinta ba, yana kuma iya jawo wa kansa ko wani hasara.

Wajen faɗa, a kan haɗa b da l a tafi da su tare, ba a sa wasali tsakaninsu, sa'an nan a ja o ɗin kamar yadda a ke jan na cikin "ƙofa", a rufe da t. Ita naakt a kan ja a ɗinta kamar na farko a cikin "rana", a ƙare da k da t a haɗe.

Bambancin da ke tsakaninsu shi ne farkon abin da baƙo zai koya. Naakt kalma ce mai nauyi. Ta fi yawa a littattafai, da bakin likita, da bakin masu zanen hoto, galibi kuma jiki duka ta ke nufi, daga kai har ƙafa. Sa'ad da malaman Kirista na ƙasar suka juya littafinsu zuwa harshensu, aka buga shi a 1637, ita suka zaɓa inda aka zo labarin Annabi Adamu da Hawwa'u. In suna so su ƙarfafa magana, kamar yadda Bahaushe ya ke cewa zigidir ko tumɓur, ita su ke ɗauka su ɗaura mata wata kalma a goshi. Su kan ce spiernaakt, ko poedelnaakt. Akwai kuma wata tsohuwa, moedernaakt. Moeder ita ce uwa, watau dai abin da Bahaushe ya ke nufi in ya ce an ga wane tsirara haihuwar uwarsa. Ga mutane biyu, teku da hamada sun raba su, amma da suka nemi iyakar tsiraici duk sai suka tuna da ranar haihuwa.

Bloot kuwa ta cikin gida ce. Ita uwa ta ke faɗa wa ɗanta in ya fito daga wanka yana guje-guje a tsakar ɗaki. Ba ta kuma bukatar mutum ya tuɓe duka. Kowace gaɓa ta jiki aka bari a buɗe, an ce da ita bloot. Mutum ya sa wando da taguwa da babbar rigar sanyi, ya naɗe wuya, ya sa hula, amma in bai sa safar hannu ba sai a ce hannuwansa suna bloot. A nan harshen ya rabu da Hausa. Bahaushe ba ya cewa ƙafa tana tsirara, sai dai ya ce ba takalmi, ko ya ce kai ba hula. Kalmar tsirara a Hausa tana tafe da kunya, domin al'aura ta ke tuna wa mutum, in ba a kan takobin da aka zare daga kube a ke faɗarta ba. Ta mutanen Holan ba lalle ta zo da kunya ba. A ƙasar da ruwa ya kan daskare lokacin ɗari, hannun da ke buɗe sanyi ya ke fara tuna wa mai shi.

Yanzu sai nahawunta. Bloot sifa ce, watau kalma mai bayyana yadda suna ya ke. Bahaushe ya san sifa tana bin sunanta. Ya kan ce farin doki, farar riga, fararen tumaki. Ya kan ce huntu, huntuwa, huntaye. Amma kalmar tsirara ba ta motsi: yana tsirara, tana tsirara, suna tsirara. Bloot ta haɗa halin nan biyu, abin da ke raba su kuwa shi ne wurin da ta zauna a cikin magana.

In ta zo daga baya, bayan an ambaci suna ana ba da labarinsa, ba ta sakewa ko kaɗan. "Het kind is bloot", yaron yana tsirara. "De voeten zijn bloot", ƙafafun suna buɗe. Ɗaya ne ko da yawa, duk bloot ce.

In kuwa ta zo gaban suna ta manne masa, sai a ƙara mata e a ƙarshe, ta zama blote. Wannan e ba a jansa, a kan taɓa shi ne kawai a wuce. Amma akwai wuri guda da ba a sa shi, kafin a gane wurin nan kuwa sai an san yadda su ke raba sunayensu. Hausa ta raba nata biyu, namiji da mace. Su ma biyu ne, sai dai rabon ya bambanta. Maza da mata sun taru a gida ɗaya, alamarsu de. Ɗaya gidan na waɗanda ba a lissafa su maza ko mata ba ne, alamarsu het. Ƙafa tana gidan farko, de voet. Hannu ma haka, de hand. Kai yana gida na biyu, het hoofd, haka ido, het oog, haka yaro, het kind. Ba a gane gidan suna da hankali, sai da hadda, don ko yarinya, meisje, a gidan het ta ke. In sunaye suka zama jam'i kuwa duk sai su koma de.

De da het suna nuna abin da aka riga aka sani, wanda masu nahawun Larabci su ke kira ma'arifa. Abin da ba a sani ba, watau nakira, alamarsa een, kamar a ce wani ko wata. Ga yadda abin ya ke tafiya:

de blote voet, ƙafar nan da ba takalmi
een blote voet, wata ƙafa ba takalmi
blote voeten, ƙafafu ba takalmi
het blote hoofd, kan nan da ba hula
een bloot hoofd, wani kai ba hula

Mai karatu ya lura, a layi na ƙarshe kaɗai e ya faɗi. Sai sharaɗi uku sun taru: sunan ya kasance na gidan het, ya kasance ɗaya tak, ya kuma kasance nakira. In ɗaya daga cikin ukun ya ɓace, e ya dawo. Wannan ƙa'ida ba ta bloot kaɗai ba ce, kusan kowace sifa a harshen haka ta ke, yaran ƙasar kuma suna bin ta tun ba su san sunanta ba. Baƙo ne ya kan shekara goma yana tuntuɓe a kanta.

Kada a raina wannan ɗan wasali, domin wani lokaci shi ke riƙe da ma'ana. Groot ita ce babba. In aka ce "een grote man", ana nufin mutum mai tsawo da jiki. In aka ce "een groot man", ba e, ana nufin babban mutum mai daraja, ko da gajere ne. Watau in sifar tana maganar matsayin mutum, ba jikinsa ba, su kan bar ta ba e. A riƙe wannan, za a bukace shi in an zo gaban alƙali.

Mai lura zai ga wani abu kuma. Da bloot ta sami e, sai ta rasa o ɗaya, ta zama blote. Ba kuskuren maɗaba'a ba ne, faɗar kuma ba ta sake ba, o ɗin yana nan da tsawonsa. Ƙa'idar rubutunsu ce haka. In gaɓar kalma ta ƙare da baƙi, dogon wasali sai a rubuta shi sau biyu, don a san dogo ne. In gaɓar ta ƙare da wasalin kansa, ɗaya ya isa. Bloot gaɓa ɗaya ce, t ya rufe ta, saboda haka o biyu. Blote gaɓa biyu ce, blo da te, ta farko a buɗe ta ke, saboda haka o ɗaya. Naakt kuwa in ta sami e sai ta zama naakte, a ɗinta biyu suna nan, domin k ya rufe gaɓar farko. Wanda ya yi wasa da wannan ƙa'ida zai sha mamaki. Boom itace ne, jam'insa bomen. Bom shi ne bam, jam'insa bommen. Harafi ɗaya ne tsakanin mai dasa itatuwa da mai dasa bama-bamai.

Mai karatun boko ya san irin wannan wahala ta wata fuska. Garin da a ke zama a ciki da garin da a ke tuwo da shi rubutunsu ɗaya ne, sai maganar da ke kewaye da su ta nuna wanda a ke nufi. A ajami kuwa na tuwo alif ya ke samu, don a ja shi. Mutanen Holan sun zaɓi su nuna tsawon a rubuce, amma ba su daidaita a kan hanyar ba sai da aka sha gardama. A 1863 wasu malamai biyu, De Vries da Te Winkel, suka tsara ƙa'idar rubutu wadda gwamnatocin Beljiyam da Holan suka karɓa daga baya. A cikinta a kan rubuta bloote da o biyu, da boomen da o biyu, amma komen, watau zuwa, da o ɗaya. Dalili kuwa, a zamanin kakanni waɗannan o iri biyu ne a kunne. Da zamani ya tafi, yawancin mutane suka daina jin bambancin, sai ya zama yaro ba shi da hanyar sani sai ya haddace kalma ɗaya ɗaya. A 1934 ministan ilmi na Holan, Marchant, ya sauƙaƙa abin a makarantu. Beljiyam ta mai da shi doka a 1946, Holan ta bi a 1947. Saboda haka wanda ya ga bloote a takarda ya san tsohuwa ce, ko kuwa tsoho ne ya rubuta ta.

Sauran nahawun ba shi da wuya. In ana gwada abu biyu a kan ce bloter, wanda ya fi zama a buɗe, in kuma ya fi duka a ce blootst. Wani zai ce, ina tsiraici ina fifiko? Amsa ita ce, su kan ce da riga kanta bloot. "Een blote jurk" rigar mace ce wadda ta bar kafaɗu ko baya a waje, wata kuwa ta kan fi wata. Tafintan da ya juya wannan ya ce riga tsirara, ba wanda zai gane shi. Akwai kuma blootsvoets da blootshoofds, tafiya ba takalmi da tafiya ba hula, waɗanda s ɗin da ke cikinsu saura ne na tsohon nahawu. In kuma ana wasa da yaro a kan ce yana "in zijn blootje", watau yana cikin ɗan tsiraicinsa, kamar tsiraicin wata riga ce da ya sa.

Amma inda kalmar ta fi aiki ba a kan jiki ba ne. In aka ce mutum ya yi abu "met blote handen", ana nufin ya yi shi ba makami, ba kayan aiki, da hannunsa kawai. In aka ce ya kwana "onder de blote hemel", ya kwana a fili ke nan, ba rufi tsakaninsa da sama. In ya kawo karatu "uit het blote hoofd", da ka ya kawo shi, ba allo ba takarda, ko da kuwa da rawani a kansa. Wanda ya tsira daga wani babban hatsari a kan ce ya kamata ya gode wa Allah "op zijn blote knieën", a kan gwiwoyinsa ba shimfiɗa. A cikin waɗannan duka ba maganar kunya. Abin da ya haɗa su shi ne, an ɗauke abin da ke shiga tsakanin mutum da duniya, ko mai kare shi, ko mai taimakonsa.

Wadda ta fi su yawo ita ce "met het blote oog", da ido kawai, ba gilashi. Su kan kuma ce "het ongewapende oog", idon da ba shi da makami, wannan kuwa ya nuna yadda su ke jin kalmar. Mutanen Holan suna da haƙƙin wannan magana. A 1608 wani mai yin tabarau a garin Middelburg, Hans Lipperhey, ya kai wa hukuma madubin hangen nesa yana neman a ba shi takardar mallakarsa. A 1632 kuma aka haifi Antoni van Leeuwenhoek a garin Delft. Ba malami ba ne, bai san Latin ba, harshen masu ilmi na Turai a lokacin. Mai sayar da yadi ne, daga baya ya sami aiki a gidan hukumar garinsu. Masu sana'arsa su kan duba zaren yadi da gilashi don su san mai kyau. Shi sai ya koyi gyara ƙananan gilasai da hannunsa, har ya yi waɗanda su ke girmama abu fiye da sau 200. A 1674 ya ɗebo ruwan wani tabki ya duba, sai ya ga halittu masu rai suna iyo a ciki, waɗanda ba wanda ya taɓa gani. Ya yi ta rubuta wa ƙungiyar masana ta Landan wasiƙu da harshensa har ya mutu a 1723. Tun daga zamanin nan mutane suka san ido shi kaɗai bai isa shaida a kan tsabtar ruwa ba. Ruwan da ido ya ga garau yana iya ɗauke da ajalin gari guda.

Daga sifar nan kuma harshen ya ƙera aikatau da dama. Blootleggen, a tone abu a fito da shi fili, ko tushen tsohon gini ne, ko asirin azzalumi. Blootstellen, a sa mutum ko abu a inda wahala za ta same shi, kamar a bar jariri a rana. Blootstaan, a kasance cikin wannan hali. "Zich blootgeven", mutum ya buɗe cikinsa har a ga inda rauninsa ya ke, kamar mayaƙin da ya sauke garkuwa. Waɗannan aikatau suna da wata al'ada mai rikita baƙo: in suka shiga magana su kan rabu biyu, aikatau ya zo da wuri, bloot ta koma can ƙarshe. "De wind legt de wortels bloot", iska tana tone saiwoyi. Wanda ya ji legt ya yi gaggawa zai ce iska tana ajiye saiwoyi, domin leggen ita kaɗai ajiyewa ce. Sai ya yi haƙuri mai magana ya kai ƙarshe kafin ya san abin da aka faɗa.

Blootstaan ba wasa ba ce a Holan. Wajen rubu'in ƙasar yana ƙasa da fuskar teku, ganuwar ƙasa da dutse ce kaɗai ta ke tare ruwa. A daren 31 ga Janairu zuwa 1 ga Fabrairu, 1953, guguwa ta taso daga arewa maso yamma, ta gamu da cikar teku, ganuwa ta karye a wurare da yawa a kudu maso yammacin ƙasar, musamman lardin Zeeland. Ruwa ya iske mutane suna barci. Fiye da mutum 1,800 suka halaka, dabbobi dubbai suka nutse, aka kwashe mutum wajen 70,000 daga gidajensu. Waɗanda suka tsira da yawa a kan rufin gidaje suka kwana, cikin tsananin sanyi, da tufafin barci. Bayan wannan aka shiga gina manyan madatsai a bakunan koguna, aka buɗe mafi shahararsu a 1986. In mutumin Zeeland ya ce ƙasa "staat bloot aan de zee", tana buɗe ga teku, ba ado ya ke yi wa magana ba. Tsiraicin da ya ke tsoro shi ne na rashin ganuwa.

Masu binciken asalin kalmomi sun nuna wannan ma'ana tsohuwa ce. A harshen Holan na shekaru ɗari bakwai da suka wuce, bloot ta kan nufi wanda ba shi da makami, ta kan kuma nufi matalauci. 'Yar'uwarta a tsohon Ingilishi wahalalle ta ke nufi. Bahaushe ba zai yi mamaki ba, don shi ma in ya ce huntu ba kullum maganar wanka ya ke yi ba. Da aka ce huntu yana dariyar mai tsumma, talauci a ke nufi. Da a ke roƙon Allah Ya rufa asiri, ba zane a ke roƙo ba.

Saura ma'ana guda, ita ce kuwa mai kai mutum kotu. Abin da aka tuɓe wa kome sai ya rage shi kaɗai, saboda haka bloot ta zo tana nufin kawai, ko zalla. "Bloot toeval" dacewa ce kawai, ba shiri. A Jamusanci 'yar'uwarta, bloss, ta yi nisa a wannan hanya, har ta zama kalmar yau da kullum ta faɗin kawai. A Afirka ta Kudu, inda harshen Holan ya haifi wani harshe da a ke kira Afrikaans, nan ma bloot ta fi nufin kawai, in suna maganar tsiraici sai su ce kaal, wadda a Holan mai sanƙo a ke faɗa wa.

Daga nan masu shari'a suka sami "blote eigendom". Eigendom ita ce mallaka. Tun daga dokar Rumawa suka gaji raba mallaka biyu: akwai mallakar abu kansa, akwai cin amfaninsa. Cin amfanin su ke kira vruchtgebruik, watau moron 'ya'yan itace. In aka ba wani cin amfanin gida, shi ne zai zauna a ciki, ko ya sa 'yan haya ya karɓi kuɗi, galibi har iyakar ransa. Abin da ya rage a hannun mai gida shi ne blote eigendom, mallaka wadda aka tuɓe wa amfani. Gidan nasa ne a takarda, yana iya sayar da haƙƙinsa, amma ba shi da ikon kwana a ciki, ba ya kuma karɓar ko anini na haya, sai ran da mai cin amfani ya mutu, sa'an nan mallakar ta koma cikakkiya. Wanda ya san jinginar gona zai gane abin da sauri: gona ta wane ce, kowa ya sani, amma wani ne ya ke nomawa yana kai hatsi rumbunsa. A Beljiyam wannan ba baƙon abu ba ne, domin a dokar gadonsu, in magidanci ya mutu ya bar mata da 'ya'ya bai yi wasiyya ba, matar ce ta ke samun cin amfani, 'ya'ya su sami mallakar da ba amfani tukuna. A can su kan ce "naakte eigendom" ma, da ɗaya kalmar. Mai irin wannan mallaka kuwa, masu shari'a a Holan su kan rubuta shi "bloot eigenaar", ba e, bisa ƙa'idar nan ta babban mutum, domin matsayinsa a ke faɗa, ba a ce ya zo kotu ba wando ba.

To, a ɗauka wani baƙo ne a ƙasar, ya tara 'yan kuɗinsa shekara da shekaru, ya ga an sa gida a kasuwa da araha ƙwarai. Ya kai takardar wurin wani ɗan'uwansa wanda ya ɗan iya harshen. Shi kuwa ya ga eigendom, ya san mallaka ce. Ya ga blote, ya tuna tsirara ce, ya ga ba ta da wurin zama a maganar gida, sai ya tsallake ta, ko ya ce ana nufin gidan ba kaya a ciki. Alhali kuwa duk cinikin a kan wannan kalma ya rataya. Arahar ba ta banza ba ce, akwai wata tsohuwa a cikin gidan wadda doka ta ba ta zama har ta mutu, tana kuma iya yin shekara ashirin nan gaba. Dokar ƙasar ta sa ba a cinikin gida sai a gaban ma'aikacin shari'a wanda zai bayyana wa mai saye abin da ya ke saye, wannan kuwa don an san irin wannan ruɗu yana yiwuwa ne. Amma ba kowace takarda ce a duniya ta ke da mai bayani a gefenta ba.

Babban ƙamus na harshen Holan an fara buga shi a 1864, ba a kai harafin ƙarshe ba sai 1998. Waɗanda suka fara aikin duk sun mutu, waɗanda suka gaje su ma suka mutu, kafin a gama. Abin da ya ja shi haka shi ne, ba su yarda su rubuta kalma su sa ma'ana ɗaya a gabanta su wuce ba. Kowace kalma sai sun bi ta cikin rubuce-rubucen shekaru ɗaruruwa, sun ga da wa ta zauna, me kuma ta nufa a kowane zama.

Mai karatu ba ya bukatar shekara 134, ba lalle kuma ya taɓa gamuwa da mutumin Holan ba. Amma takarda za ta zo hannunsa, ta ciniki ko ta gado ko ta bashi, da Hausa ko da wani harshe. In ya iske kalma wadda ya sani, amma ya ga kamar ba ta dace da wurin da ta zauna ba, to, nan ne wurin tsayawa. Ya dubi ta gabanta da ta bayanta, ya karanta maganar har ƙarshenta, in bai gane ba ya tambayi wanda ya sani kafin ya sa hannu. Matambayi ba ya ɓata.